Yadda Na Shiga Rumbu da Sabuwar Kyamara

Mun tashi daga Kano da asuba, ana idar da salla, ni da abokina a cikin sabuwar motarsa wadda har yau bai yarda a cire ledar kujerunta ba. Ni ma ina rungume da tawa sabuwar, wato kyamarar da na saya kwana uku kafin nan a wani kanti a Sabon Gari. Bana dai kowane ma'aikaci da abin da ya yi da ariyas ɗinsa, wato bashin ƙarin albashi da aka biya mu a dunƙule: wani babur, wani rediyo mai kaset, wani ya rufa ɗakinsa da kwano. Ni kyamara na saya, baƙa wuluk, da jakarta ta fata da igiyar ratayawa a wuya. Daren da na kawo ta gida a kan matashina ta kwana, ba zan ɓoye muku ba.

Bari in gaya muku dalilin tafiyar tun yanzu, don ku san abin da ya sa zuciyata ke tsalle tun daga Kurna. Gwamnati ta ba ni sukolashif, mako mai zuwa zan tafi Ingila karatu na shekara uku, kuma ina so in tafi da hoton mahaifiyata. Wani zai ce ai wannan ba wani aiki ba ne. To, ni ɗan fari ne, Inna kuwa jinin Fulani ce, kunyarta ninki biyu ce. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga kakata. Shekarata ashirin da takwas, ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, ban kuma taɓa ganin ta ɗaga ido ta dube ni ba. In na durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. In tana da magana da ni, ƙanwata take gaya wa, ko da ina zaune a wurin: "Ki ce wa mutumin Kano ya ci abinci." Ban taɓa shakkar tana ƙaunata ba, man shanu da kuka da daddawa ba su taɓa yanke mini ba. Amma fuskarta, in kun ce in kwatanta muku, gefenta kawai na sani.

Wata biyu ƙanwata tana lallashi kafin a samu amsa. Inna ta ce ba za ta zauna gaban wani baƙon namiji ya zura mata ido ba, amma in mutumin Kano ne zai ɗauka da hannunsa, to, guda ɗaya, kada a ƙara. Wannan saƙon shi ya kai ni kanti.

Hanyar Kazaure ta sha kwalta, mota sai sulɓi take. Abokina tuƙi yake yana waƙa, in ya hango rami tun daga nesa sai ya fara yi masa faɗa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne manyan motoci: siminti, kwanon rufi, rodi, katako, kai ka ce gaba ɗaya arewa ake son rufewa kafin Salla. Kowane ƙauye muka wuce akwai ajin makaranta da aka fara ginawa, wani an kai linta, wani tukuna harsashi. Gero kuwa ya yi kai, dawa ta yi shar. Bayan shekarun farin da muka sha, ganin korayen gonakin nan kaɗai ya isa mutum ya yi ta hamdala.

A Kazaure muka karya kumallo da koko da ƙosai a bakin tasha. Mai ƙosan ta ce uku kwabo, na ce bara ai biyar ne, ta dube ni ta dubi abin da ke wuyana ta ce, "Bara ai ba ka da wannan." Sai kawai na ɗauke ta hoto. Daga nan fa hannuna ya buɗe. Mai kanti ya sa mini fim mai ɗaukar talatin da shida, ya ba ni wani na ajiya a ɗan gwangwani, don haka na ga ba abin da zai hana ni shagali. Na ɗauki duwatsun Kazaure, na ɗauki abokina ya jingina da mota kamar shi ya ƙera ta, na ɗauki wani Buzu da raƙumansa. Har jakin da ya tare mana hanya bai tsira ba. Ka danna ta ce ƙyas, ka ja ɗan hannun da ke sama da babban yatsa fim ya matsa, ka sake dannawa. Wallahi daɗin ƙarar nan kaɗai ya biya ni.

Mun shiga Daura da hantsi. Garin ya cika da sababbin babura, kowane malamin makaranta da nasa, suna ta yi wa juna oda ko ba dalili. Muka tsaya kusa da kasuwa don mu sha fura, saboda ba a wuce Daura da ƙishirwa. An dama mana ta sule ɗaya da kindirmo mai kauri, ludayi na tsayawa a ciki. Matan da ke sayarwa sun jera ƙorai farare tas a inuwar wata bishiyar bedi, na ce wannan sai an ɗauka. Na nemi izini, suka yi ta dariya suna rufe baki, na daidaita, na danna. Na zo jan hannun nan, sai na ji wani ɗan sauti, ƙaras, kamar an taka busasshen ganye. Hannu ya tsaya cak a tsakiya. Na tura gaba, ya ƙi. Na mayar baya, ya ƙi. Na danna maɓalli, shiru.

Hoto na goma sha ɗaya ke nan. Furar da ke bakina ta koma kamar ƙasa.

Abokina, wanda tun muna makaranta babu abin da bai kwance ba, daga agogon hedimasta har keken ɗinkin yayarsa, nan take idonsa ya yi haske. "Kawo nan mu buɗe, ba ƙarfe ba ne?" Na ƙanƙame ta a ƙirji. Na tuna masa abin da mai kanti ya faɗa, har sau biyu, yana kaɗa mini yatsa: in ta yi wata matsala a dawo da ita yadda take, za a canja mini wata, amma in aka sa mata sukuddireba ko sau ɗaya, takardar garanti ta mutu, tsakanina da su sai gaisuwa. Kuma fim yana ciki, ni ko sa fim ban iya ba, balle cirewa.

Muka tambayi shagon mai hoto, aka kwatanta mana. Muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabcinsa, wani dattijo mai gyaran agogo da gilashi ɗaure a ido ɗaya, ya ce ai ya fita ƙauyuka ɗaukar maniyyata hoton fasfo, sai bayan kwana uku. Bana kowa Makka za shi. Na ajiye masa kyamarar a kan tebur kamar mai kawo mara lafiya. Ya juya ta, ya kara a kunne, ya murɗa ɗan mariƙin da ake naɗe fim da shi, sai ga shi yana juyawa fayau babu nauyi.

"Fim ɗinka ya tsinke a ciki," in ji shi. "Wani abu ne ya yanke shi. Ni ba zan taɓa ba, samari. Agogo na sani. Abin da na koya a zama da maƙwabcina guda ne: kada ka buɗe bayanta a cikin haske, ko na ashana. Shi ɗaki gare shi da ba taga."

"To Baba, in kai ne ya za ka yi?"

"In ni ne, sai in mayar wa masu ita. Amma ni ba ni da jirgin da ke jirana."

Don na riga na zayyane masa komai, har da maganar Inna. Sai ya jawo aljihun tebur ya ɗauko wani sukuddireba siriri kamar tsinken sakace, ya miƙo mini. Ya ce shi bai ce in yi ba, bai kuma ce kada in yi ba, amma in na dawo in biyo da kayansa.

Daga Daura muka koma Sandamu muka karya kwana muka ɗauki hanyar Ɓaure. Nan kwalta ta yi mana sallama. Ruwan da aka yi shekaranjiya ya bar taɓo a kowane kwari, abokina ya daina waƙa ya koma salati. Sau biyu muna fita muna duba zurfin ruwa da kara kafin mu shiga. Wata a-kori-kura ta wuce mu, ta ɗauko mutane da awaki da buhunan taki da sabon gadon ƙarfe an ɗaure a sama, direban ya ɗago mana hannu yana dariyar motarmu ta 'yan birni. Makiyaya sun kora shanu ta burtali, farare ƙosassu, irin hoton da da safe zan yi tsalle in ɗauka. Ina ji ina gani suka wuce.

Duk tsawon hanyar nan lissafi ɗaya nake juyawa. In na bar ta yadda take, ranar Litinin za a ba ni sabuwa fil a Kano, amma ranar Alhamis jirgi zai tashi, kuma tsakanin nan akwai allurar rigakafi da biza da sallamar ofis, babu ranar sake zuwa gida. In na buɗe, wataƙila in gyara, wataƙila kuma in kashe ta gaba ɗaya, in tashi ba kyamara ba hoto. Shekara uku ba kwana uku ba ne, Inna kuma ba yarinya ba ce. Wannan tunanin na ƙarshe ban faɗa wa abokina ba. Muna hango kukokin garinmu, gab da garin Babban Mutum, na ce masa, "Zan buɗe." Ya buga sitiyari don murna har oda ta yi ƙara.

Mun isa ana kiran azahar. Baffa, ƙanen mahaifina, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba, ya tarbe mu a zaure. Na shiga ciki na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna. Tana zaune tana tsince wake a faifai, ta amsa gaisuwata tana kallon waken. Amma na lura da sabon lalle a hannunta da ƙafarta, ja jawur, ga kuma zanen saƙi da mayafi an ninke a kan gado. Ƙanwata ta raɗa mini cewa tun jiya aka ƙunsa, kuma kitso ma sabo ne. Matar nan ta shirya, ni kuwa na zo da mataccen ƙarfe a wuya.

Aka kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu, abokina ya yi masa kaca-kaca, ni loma uku na iya. Bayan salla na fara zagaya gida ina neman duhu. Ɗakin Baffa yana da taga, ga haske na shigowa ta ƙarƙashin ƙyaure. Ɗakunan mata na kara ne, rana na ratsowa ta ko'ina. Abokina ya ce in lulluɓa da babbar riga, na gwada, ina ganin yatsuna sarai. Jira har dare kuwa ba zai yi ba, don in gyaran bai yiwu da rana ba babu sauran hasken ɗaukar hoto, mu kuma da asuba za mu juya. Ga hadari ya fara haɗowa daga gabas. Ina tsaye a bayan gida ina cizon yatsa sai idona ya faɗa kan rumbun Baffa, na ƙasa, mai ƙaramin baki a sama da hular jinka.

Ku da kuka tashi a birni ba za ku gane nauyin abin da na roƙa ba. A wurinmu ba mai leƙa rumbun mai gida, ko matarsa, balle a wannan lokaci na ƙarshen damina da hatsi ya ja baya. Abin da ya rage a ciki sirrinsa ne, shi da Ubangijinsa. Na sami Baffa na tsuguna na yi masa bayani tun daga Kazaure. Ya saurara yana shafa gemu.

"Wato kai yanzu, duk karatun nan naka, rumbu za ka shiga?"

"Shi ne, Baffa."

"To. Abin da ka gani a ciki ka bar shi a ciki."

"Baffa, ai duhu nake nema. In na ga wani abu ma aikin ya ɓaci."

Ya yi dariya har da tari, ya tashi da kansa ya ɗauko tsani.

Na tuɓe riga na saura da singileti da wando. Na juye sabon fim daga gwangwaninsa na ba abokina ya riƙe, na sa gwangwanin a aljihu don in zuba tsinkakken a ciki. Aka ɗage jinka, na zura ƙafafu, na sulale. Suka rufe bakin da faifai, suka ɗora tabarma da bargo biyu, suka mayar da jinka. Na jira idona ya saba, na ɗaga hannu a gaban fuskata. Ban ga komai ba. Ban taɓa murnar makanta ba sai ran nan.

Zafi kuwa ba a magana. Kafin minti biyu gumi ya fara bin bayana, ƙaiƙayin gero ya same shi, suka haɗu suka fara aikinsu. Wani abu ya bi ta kan ƙafata da gudu, ban tambayi sunansa ba. Na zauna a kan dami, na goge hannuna a wando, na yi bisimilla, na ja mariƙin nan sama yadda na ga mai kanti ya yi. Bayan kyamara ya buɗe, ɓas.

Na fara lalube da kan yatsa a hankali. Ga fim a naɗe a dama, ga bakinsa a yage kamar an ja shi a kan ƙaya. Na danna ɗan maɓallin ƙasa, na warware shi kaɗan-kaɗan, na naɗe a yatsa, na cusa a gwangwani na murɗa murfi. Daga waje abokina yana ta kira, "Yaya? Ka gani?" Na ce masa in ya ƙara tambayata ko na gani zan fito in shaƙe shi. Ina jin Baffa yana ƙyaƙyata dariya. Na cire ragowar fim ɗin, na ci gaba da shafa hanyar da yake bi, santsi, santsi, sai yatsana ya ci karo da wani abu mai kaifi. Na sake shafawa. Kan ɗan sukuru ne ya ɗago, bai kai ƙwayar gero ba, kusa da haƙoran da ke jan fim. Tun daga inda aka ƙera ta ba a ɗaure shi ba, girgizar hanya ta ƙarasa kwance shi. Na ƙwala ihu a cikin rumbu har ƙura ta zubo mini a ka: "Na kama shi! Ku buɗe!"

Na fito fari fat kamar an tona ni, mata suna leƙe ta katanga suna dariya. Ban ko karkaɗe jiki ba. Muka shimfiɗa farin ƙyalle a zaure, na ɗora kyamara, ga sukurun nan yana ƙyalli, ga ɓarɓashin fim ya cushe haƙora. Na ɗauko sukuddireban dattijo. Hannuna ya tsaya a sama, don na san daga wannan murɗin babu komawa kanti. Abokina, mai cewa ba ƙarfe ba ne, shi ma ya ja da baya. Na sa, na murɗa. Sau biyu da rabi ya zauna daram, ya bar ɗan ƙarce a baƙin fenti wanda ko makaho ya shafa zai san an taɓa. Na tsince ɓarɓashin da tsinken tsintsiya, na hure. Na ja hannun sama, ya tafi sumul. Na danna. Ƙyas!

Na yi tsalle har kaina ya bugi azara. Baffa ya ce, "Allahu akbar, ta farfaɗo."

Saura sa fim, abin da ban taɓa yi ba. Abokina ya buɗe ɗan littafin da ya zo da ita yana karanto Turancin da murya kamar mai huɗuba, ni ina bi. Sau uku bakin fim yana zamewa, a na huɗu ya kama. Na rufe, na ja, na ga mariƙin naɗi yana juyawa da kansa, alamar fim na tafiya. Lokacin la'asar ta yi, hadari ya rufe rabin sama, iska ta fara kaɗa ganyen dawa. Muka yi salla a gurguje, na watsa ruwa, na sa riga, na aika ƙanwata.

An ajiye kujera 'yar tsugune a tsakar gida, jikin bangon da rana ke haskawa. Inna ta fito cikin zanen saƙi da mayafi, da 'yan kunnen azurfa waɗanda rabona da ganinsu tun bikin ƙanwata. Ta zauna, ta jera hannuwa a gwiwa, ta juya fuska wajen turken awaki. Kowa ya ja baya. Na durƙusa a gabanta kamar taku biyar, na kai kyamara ido. A cikin 'yar tagar leƙawa ga ta nan ƙarama, gefen fuska, yadda na saba.

"Ki ce mata ta dubi nan," na ce wa ƙanwata.

"Inna, wai ki dubi gilashin."

Iska ta ɗaga bakin mayafinta, ta gyara. Sannan a hankali ta juyo, ta ɗaga ido ta sa shi cikin gilashin.

Ashe idanun Inna ba baƙaƙe ba ne, ruwan ƙasa ne, irin nawa. Ashe akwai ɗan tabo a ƙasan girarta ta hagu. Fuskata tana ɓoye a bayan ƙarfe, don haka ba ni take kallo ba, a ƙa'ida; gilashi take kallo, kuma ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Ni ma ba ita nake kallo ba, aiki nake. Yatsana yana kan maɓalli. Na san da na danna za ta kawar da kai, ta tashi, shi ke nan. Sai na ƙi dannawa. Na murɗa gilashi gaba, na murɗa baya, na gyara gwiwa, na sake murɗawa, alhali tun farko komai ya daidaita. Tagar ta fara yi mini hazo, kuma ba laifin kyamara ba ne.

Abokina ya yi gyaran murya daga baya. "Ko ta sake ne?"

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ruwa fa zai sauko."

Inna ba ta motsa ba, ba ta kuma juya wajen ƙanwata ba. Idonta na cikin gilashin ta ce, ƙasa-ƙasa, "Yi a hankali. Ba sauri nake ba."

Ni ta gaya wa. Ba aike, ba "ki ce masa". Na ja numfashi, na riƙe, na danna. Ƙyas. Ta sauke ido, ta tashi ta shige ɗaki, ɗigon farko ya faɗo a kan kujerar. Guda ɗaya aka yi alkawari, guda ɗaya na ɗauka. Na tura kyamara cikin riga na ruga zaure, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ni kuwa ina zaune ina ta dariya ni kaɗai, ina susar ƙaiƙayi.

Da asuba na je sallama. Ta koma wa bangonta, ta yi mini addu'a mai tsawo ta bakin ƙanwata, ta sa aka saka mana kwalbar man shanu da ƙullin kuka a mota. Hanya ta ƙara lalacewa da ruwan jiya, sau ɗaya sai da mutanen wani ƙauye suka tura mu, motar abokina ta koma kalar taɓo har rufi, bai ko yi ƙorafi ba. A Daura na mayar wa dattijo sukuddirebansa. Ya duba ƙarcen da gilashin idonsa ya ce aikin bai yi kyau ba amma ya yi. Na ɗauke shi hoto a bakin teburinsa, ya cire hula ya mayar sau uku kafin ya yarda. Ragowar fim ɗin na ƙarar da shi a hanya, don in samu a wanke da wuri.

Ranar Litinin na bi ta kantin, don dai in cika ƙa'ida. Mai kanti ya buɗe baya, ya ga ƙarce, ya miƙo mini abata, ni kuwa ban roƙa ba. Na wuce wurin mai wankin hoto na ba shi fim biyu, na yi kwana biyu ba na jin ɗanɗanon abinci. Jiya na karɓo. Na cikin gwangwani rabinsa ya tafi, gumin yatsuna ya ɓata shi: babu mai ƙosai, babu matan fura, babu raƙuma. Jakin nan ne kawai ya fito tsaf, da abokina rabin jiki.

Abin da na koyo a tafiyar nan, ga masu tambaya ko mutum ya gyara sabon abu da kansa: in kana da lokaci, mayar wa masu shi, kada ka yi irin tawa. In kuwa abin da za ka rasa ba a sayar da shi a kanti, nemi duhu, wanke hannu, ka yi a hankali.

Mai wankin hoto ya zaro na ƙarshe daga ambulan, ya ɗaga shi wajen haske kafin ya ba ni. Ga ta nan, ga lallen, ga hadari a bayan katanga, ga idanun nan biyu tar. Ya ce, "Tsohuwar nan ta iya zama. Yawancinsu tsoron gilashin suke, ita kuwa dubi yadda ta tsare kyamara da ido."

Na karɓa da hannu biyu. Ban gaya masa cewa ba kyamara take kallo ba.